Abin da inuwa ta koya mini a dam ɗin Sabke

Lokacin da nake karatun kiwon kifi, an tura mu aikin gwaji dam ɗin Sabke, can wajen Daura. Malaminmu ya zo da wata na'ura a akwati, sona mai duban gefe, wato na'urar da ke gani cikin ruwa da sauti, irin wadda kamfanin Humminbird na Amurka ya fito wa masu kamun kifi da ita a 2005. Muka ɗaure kanta a bayan jirgin wani dattijon masunci, ya ɗan nutse cikin ruwa, muka jona mata batir.

Kan nan sauti yake harbawa dama da hagu, siriri, kamar an yanka ruwan da wuƙa. Kunnen mutum ba ya jin sa, don kaifinsa ya wuce abin da kunne ke kamawa: a ma'aunin kaifin sauti, kilohaz 455 ne ko 800. Na farkon ya fi cin nisa, na biyun ya fi fito da hoto tas. A cikin ruwa sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Idan ya bugi abu ya dawo, sai na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka ta gane nisan. Kowane harbi layi ɗaya ne tak, jirgi na tafiya layukan na jeruwa kamar zare a masaƙa har hoto ya haɗu. Shi ya sa in an tsaya cak hoton yake jagulewa, haka in an yi gudu. Tafiyar da ta ɗan fi ta mai sauri a ƙafa ita ce daidai. Jan ruwan damina kuwa bai dame ta ba, tunda ba da haske take gani ba.

Ranar farko na ɗauka baƙin zanen da ke tsakiyar allo wani rami ne muke bi. Ashe ruwan da ke ƙarƙashinmu ne, faɗinsa ke nuna zurfi. Na kuma yi ta nuna kifi a gindin allo, alhali mun wuce wurin tuni. Saman allo ne kawai yanzu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne inuwa, wato baƙin wurin da ke fitowa a allo bayan abin da ya tare wa sauti hanya. Idona farin ɗigo yake bi, amma dutse fari yake fitowa, kifi ma fari. Sai a kwana na uku na kama zancen. Dutse a ƙasa yake zaune, inuwarsa manne take da shi. Kifin da ke shawagi kuwa, inuwarsa can gefe take faɗuwa, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu gwargwadon tashinsa daga ƙasa. Tarwaɗar da ta kwanta cikin laka da wuya ka ware ta. Na'urar kuma ba ta faɗin ko karfasa ce ko wani, wannan sai dattijon nan, da ya san wurin da kowanne ke kiwo.

Wata yamma na ga doguwar inuwa mai rassa a hagu. Na ce, "Baba, akwai itace kwance a nan, kamar mita ashirin."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Na sani, yaro. Taruna biyu ya cinye."

Can sai ya ce a juya jirgi a sake bi ta wurin. Ya matso ya tsuguna gaban allo, ya kare rana da hularsa, yana bin rassan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ta wane gefe saiwar take.