Kafin ka miƙa wa tsohuwa babbar waya

Duk ɗan da Allah ya buɗa wa a yanzu, cikin abubuwan da yake fara saya wa iyaye har da babbar waya. Tecno ce ko itel ko Samsung, a kai ta cikin kwali, a sa albarka, a watse. Bayan wata guda sai ka tarar da ita a hannun jika yana wasan mota, mai ita kuwa ta koma wa 'yar ƙaramarta mai madannai da tocila. Sai a ce ai tsofaffi ba sa iya wayar zamani. Ni ban yarda da wannan magana ba. Wayar ce ake ba su yadda ta fito daga kamfani, an saita ta don idon ɗan shekara ashirin da yatsunsa.

Mahaifiyata ta haura saba'in, an yi mata aikin yanar ido, hannunta kuma yana ɗan rawa. Abin da na fara taɓawa a wayarta shi ne girman rubutu. Yana cikin saiti, a sashen da aka rubuta Display, na ja shi har ƙarshe. A nan kuma na ƙara lokacin da fuskar wayar ke ɗauka kafin ta mutu zuwa minti biyu, domin da kafin ta gama neman tabarau wayar ta yi duhu. Na kashe juyawar nan da hoto yake yi idan an karkata waya. A sashen Accessibility akwai inda ake tsawaita lokacin da waya za ta jira kafin ta ɗauki taɓawa a matsayin dogon danni, kuma ga mai rawar hannu wannan kaɗai yana rage ɓacin rai sosai.

Daga nan na share fuskar wayar tas. Na bar WhatsApp, rediyo, Alƙur'ani, sai hotunan mutum biyar da ta fi kira, kowanne taɓawa ɗaya ya wadatar. Hajiya ba ta yi nisa a boko ba, amma ba ta ɓatan fuskar 'ya'yanta. Yayanmu ɗan fari ne, har yau ba ta kama sunansa, don haka hotonsa kawai take dannawa.

Saƙon murya kuwa, a ganina don irin su aka yi shi. Gaisuwarmu doguwa ce: ina kwana, ina gajiya, ya maigidan, ya yara, ya mai jiki. Ba abin da za a tsaya ana rubutawa da yatsa ɗaya ba ne. Da farko saƙonnin nata suna yankewa a tsakiya, saboda yatsan yana zamewa daga kan alamar makirufo. Na nuna mata idan ta danna ta ja sama, abin zai kulle, sai ta ajiye wayar a cinya ta yi maganarta a tsanake. Na kuma nuna mata idan saƙo yana wasa ta kara wayar a kunne, muryar za ta koma ƙasa-ƙasa kamar kira, 'yan ɗaki ba za su ji ba. Wannan ya fi komai yi mata daɗi. Ta ce mini, “Yanzu ka yi magana. Da ai kowa sai ya ji sirrin mutane.” Ta haka take jin haihuwa da rasuwa a dangi, ta yi barka, ta yi ta'aziyya ga ƙawarta ta ƙuruciya da aure ya kai Maraɗi, a ranar da abin ya faru. Na dai kashe mata saukar bidiyo kai tsaye, don guruf ɗin dangi kaɗai ya isa ya cinye data ya cika waya.

Maganin hawan jini na sa masa ƙararrawa mai sauti daban, bayan asuba da bayan isha'i, tunda lokutan da ba ta kuskurewa ke nan. Rediyon FM ba ya cin data, iyaka sai an soka abin sauraro na kunne, domin igiyarsa ce eriya. Tocila ba ta buƙatar koyarwa.

Inda na fi daɗewa da ita shi ne maganar 'yan damfara, domin tsofaffi suke hari. Za a kira da ladabi, “Mama, daga banki ne,” a nemi BVN ko lambar sirrin kati, ko a ce an turo lambobi shida bisa kuskure, ta karanto su. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinta. Da zarar an samu, sai a kwace shi a fara roƙon kuɗi da sunanta a wajen dangi. Na kunna mata matakin tsaro na biyu da WhatsApp ke da shi, wanda ke neman wata lambar sirri daban, na kuma sa kiran baƙuwar lamba a WhatsApp ya daina ƙara. Dokar da muka yi guda ce: duk wanda ya nemi lamba, ta ce “sai ɗana ya zo,” ta kashe. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Akwai kuma tanadin gaggawa da mutane da yawa ba su buɗe ba. A wayoyi masu Android 12 zuwa sama, ana iya saita maɓallin kunnawa yadda idan an danna shi sau biyar a jere zai kira lambar agaji. A Najeriya 112 ce, amma ni tawa na sa, don na fi kusa. Na rubuta magungunan da take sha da lambobinmu a wajen bayanan gaggawa, inda ko wayar tana kulle ma'aikacin asibiti zai iya gani.

Buɗewa da zanen yatsa ne bai karɓe ta ba. Shekaru na wanki da tuƙin tuwo sun goge zanen, wayar ta yi ta ƙi. Mun koma lamba huɗu da ita ta zaɓa da kanta, ta kuma ce kada a gaya wa jikoki.