Adon bangon Birni da karatun da na yi a kansa

A unguwar Birni na tashi, a wani lungu da bai da nisa da fadar Sarkin Damagaram. Kawuna magini ne, irin waɗanda ake nema idan an gama tayar da zaure ana son a yi wa fuskarsa ado. Tun ina ɗan shekara tara nake miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Yakan bar yaɓen ya sha iska, bai bushe ba bai kuma jiƙe sharaf ba, sannan ya ɗauki tsohon cokali da guntuwar wuƙa ya shiga fitar da dagi, da zobe cikin zobe, da layukan da ke shiga juna suna fita. Ban taɓa ganin ya zana komai a takarda kafin ya fara ba. A wurina a lokacin wannan neman abinci ne kawai, kamar dukanci ko ƙira.

Da Allah ya yi na tafi Dakar karatun tarihin fasahar zane da tsara kayayyaki na zamani, shekarar farko a kan fasahar Turai muka kwana muka tashi. Aka ba mu labarin yadda shahararren mai zane Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Paris a 1907, ya ga abubuwan rufe fuska da aka kwaso daga Afirka, salon zanensa ya juya. Aka ba mu labarin Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya ɗauko kaskon fitsari irin na shago, ya rattaba masa wani suna da ba nasa ba, ya aika da shi wurin baje kolin zane a New York. Na daɗe ina jin haushin wannan abin kafin in gane tambayar da ke cikinsa: wa ke da ikon cewa wannan fasaha ce, wancan kuwa tarkace?

Wanda ya fi shiga raina shi ne Adolf Loos, mai tsara gine-gine a Viyana. Wajen 1910 ya tsaya kai da fata cewa ado laifi ne, cewa ci gaban al'umma shi ne ta raba kayan amfaninta da ado, har yana kwatanta masu son ado da mutanen Papua masu zane jikinsu. Na karanta, na yarda. Da na zo hutu na ga sababbin gidajen siminti sumul ba ko ɗigo, sai na ce lallai ga ci gaba. Ranar nan na tarar da Kawu bisa tsani, na ce masa, "Kawu, wannan adon fa ɓata ƙasa ne da lokaci." Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ɗana, bango ba ado kamar mutum ne ba riga. Baƙo tun daga nesa da fuskar zaure yake sanin gidan wa ya zo." Ya ci gaba da aikinsa. Har yau idan na tuna maganar da na faɗa masa sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin mamaki, karatun da ya raba ni da bangon nan shi ya maido ni gabansa. A shekara ta biyu muka zo kan Bauhaus, makarantar da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, wadda ta rufe a 1933 saboda matsin 'yan Nazi. Babban burinsu shi ne rushe katangar da ke tsakanin mai zane da mai sana'ar hannu. Ɗalibi sai ya shiga masaƙa, ko maƙera, ko wurin sassaƙa, ya san halin zare da ƙarfe da itace da hannunsa kafin ya yi maganar fasali. Ina zaune a aji na ce a raina, ai wannan tarbiyyar yaron magini ce. Shekara nawa na yi ina kwaɓa ƙasa kafin Kawu ya bar ni in ja layi ɗaya a bango?

Daga nan ne malaminmu ya juyo da mu gida. A Zariya, a 1958, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ƙi yarda a koya musu zane kamar ba su da tushe. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ibrahim El-Salahi na Sudan ya yi karatu a Landan, ya dawo Khartum ya baje zanensa irin na Turawa, mutanensa ba su ga kansu a ciki ba, sai ya koma ga harafin Larabci da allon makaranta. A 2013 Tate Modern, babban gidan baje kolin zane na Landan, ya baje aikin rayuwarsa. Duk wanda ya yi karatun allo a Zinder, ya ga zayyanar da ake yi wa allon sauka, zai gane inda El-Salahi ya dosa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma darasin da ya fi zama mini shi ne na suna. Kowa ya san Picasso, waɗanda suka sassaƙa abin da ya gani a Trocadéro kuwa ba a rubuta sunayensu ba, ƙabila kawai aka rubuta. Aikin da ba shi da suna sai a ce na gargajiya ne, kamar ƙasa ce ta tofo shi, kamar babu mutumin da ya tsaya ya yi tunani ya zaɓi wannan layi ya bar wancan. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu bangon gida take zanawa, yadda mahaifiyarta da kakarta suka koya mata. Da aka gayyace ta wani babban baje kolin zane a Paris a 1989, da sunanta aka gayyace ta, bayan shekara biyu kamfanin BMW ya ba ta mota ta zana. A nan gida Nijar, masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ƙasar da azarar dai su ne muka sani. Bambancin kawai an ambaci mai hannun.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa maginanmu sun tsaya wuri ɗaya. Akwai wani gida a unguwar Zango da Kawu ya yi wa ado tun yana saurayi. Mai gidan ɗan kasuwa ne da ya sayi sabon keke, ya ce a sa masa shi a bango. Kawu ya fitar da ƙafafun keken zobe biyu, ya saƙa sarƙar cikin dagin da ke kewaye, har ba ka iya cewa ga inda keke ya ƙare ga inda dagi ya fara. Na sha wucewa ta gabansa ban lura ba, sai bayan na yi shekara uku ana koya mini yadda ake kallon zane.

Yanzu duk lokacin da na samu sarari nakan zaga Birni da Zango da littafi da waya, ina ɗaukar hoton bangaye ina tambayar wa ya yi. Aikin na gaggawa ne, domin kowace damina sai wani zaure ya zube, wani kuma a shafe shi da siminti. Masu gidajen da yawa ba su sani ba, sai su ce tun zamanin kakansu ne. Shi ya sa nake ɗaukar Kawu a bayan babur, ko da yake gwiwa ta fara ba shi wahala. Makon jiya muka tsaya gaban wani bango da rabinsa ya zaizaye. Ya shafa lanƙwasar dagin da yatsa, ya yi shiru, sannan ya ce wannan hannun bahago ne, ya kira sunan wani magini da ya rasu tun kafin a haife ni. Na buɗe littafin na rubuta sunan a ƙarƙashin lambar hoton.