Hawan Ƙubbar Babban Cocin Fulorans

Daga Roma jirgin ƙasa mai sauri ya kai ni Fulorans cikin kusan awa ɗaya da rabi, na kuma ratsa lungunan tsakiyar gari a ƙafa har na iske babban cocin birnin, Santa Maria del Fiore. Fuskar ginin, wadda aka lulluɓe da marmara fari da kore da ja, ita ce ke tsayar da baƙi, ko da yake sai a 1887 aka kammala ta. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne ƙubbar da Filippo Brunelleschi ya gina tsakanin 1420 da 1436, a farkon zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Italiya.

Tun 1296 aka aza harsashin cocin, amma aka bar wani wawakeken wuri mai kusurwa takwas, faɗinsa kimanin mita 45, ba a san yadda za a rufe shi ba. Al'adar magina ita ce su kafa katako su ɗora gini a kai har ya kama, to amma a irin wannan faɗi da tsawo katakon da ake bukata ya fi ƙarfin birnin. Da aka sa gasa a 1418, Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, ya ce zai yi aikin ba tare da wannan madogari ba.

Sai da na kama hawan matakala 463 na gane dabararsa. Ƙubbar biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, kuma hanya tana ratsawa ta tsakaninsu, ƙuntatacciya, wani wurin sai mutum ya sunkuya. A nan ne ake ganin jan bulon da ba a shafe ba, wasu a kwance, wasu a tsaye a karkace kamar ƙayar kifi, ta yadda kowane zagaye yake riƙe kansa kafin a ɗora na bisansa. An ƙiyasta bulon ya haura miliyan 4, kuma shanu ne suka riƙa juya injin ɗaga kaya da shi kansa ya ƙera, mai hawarwa da saukarwa ba sai an juya dabbobin ba.

A tsakiyar hawan akan fito wani siririn baranda daf da zanen Ranar Hisabi da Giorgio Vasari da Federico Zuccari suka yi daga 1572 zuwa 1579. Aiki ne mai girma, amma a ganina cunkoson siffofinsa ya rufe tsarin ginin, kuma bulon da ke ɓoye a bayansa ya fi burge ni nesa ba kusa ba.

Fafaroma Eugene na huɗu ne ya keɓe cocin don ibada ranar 25 ga Maris 1436. Brunelleschi ya rasu a 1446, kafin a gama 'yar hasumiyar da ya tsara wa ƙololuwar ƙubbar. Da na sauko na shiga ƙarƙashin cocin, inda masu tonon tarihi suka gano kabarinsa a 1972.