Babbar Riga a Tsakiyar Tekun Atilantika

Tun da muka dawo daga tafiyarmu ta jirgin ruwa, mutum uku suka kira ni da tambaya iri ɗaya, kuma dukkansu magidanta ne. Babu wanda ya tambaye ni jirin teku ko kuɗin tikiti. Abin da ke cin ransu shi ne wannan daren da ake cewa kowa sai ya ci ado kafin a zauna cin abinci: me namiji zai sa? Ni ma shi ne ya fi tsaya mini a rai kafin mu tashi, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Jirgin da muka shiga ni da Hajiya shi ne Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, daga Southampton da ke kudancin Ingila zuwa Niyok, kwana bakwai a kan ruwa ba tare da an yada zango ko'ina ba. Babban ɗanmu ne ke aiki can, shi ya ce tunda na ajiye aiki, babu abin da ke kora ta, in zo masa ta ruwa. Jirgin ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, kamfanin kuwa tun 1840 yake ratsa wannan tekun da fasinja. Shi ya sa suke riƙe da al'adar ado fiye da kowa. Akwai kamfanonin da suka sassauta sosai, irin su Norwegian, inda ba a tilasta wa kowa daren kwalliya. Saboda haka kafin ka kai yadi wajen tela, karanta ƙa'idar tufafin jirgin da za ka shiga, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

A namu jirgin, da ƙarfe shida na yamma ƙa'idar take fara aiki. Daren yau da kullum, shat mai kwala da wando na mutunci sun wadatar, kwat kuwa in ka ga dama. Amma a tafiyarmu an ware dare biyu na babbar kwalliya, inda ake so namiji ya fito da tuksido, wato baƙar kwat ɗin Turawa ta bikin dare, ko kuma kwat da wando masu duhun launi tare da naktai. Wanda ba ya so, babu mai ce masa uffan: ya haura Kings Court ya ɗebi abincinsa da kansa. Sai dai babban ɗakin cin abinci na Britannia da zauren Queens Room, a wannan daren na waɗanda suka yi shiri ne.

Na shekara fiye da ashirin ina sa kwat zuwa wurin aiki, amma ban taɓa mallakar tuksido ba. A wani shagon gwanjo na samu tawa, baƙa, ta ulu, kamar ba a taɓa sa ta ba, na kai wa tela ya rage hannun ya ɗage ƙafar wandon. Wannan gyaran ya fi komai muhimmanci. Na ga mutane da kwat ta maƙudan kuɗi amma kafaɗa ta zarce, wando yana shara a ƙasa. Na kuma ga wani dattijo da tsohuwar kwat mai ruwan toka mai duhu wadda ta zauna masa cas, kuma shi aka fi kallo. In kana da kwat baƙa ko shuɗiya mai duhu wadda ta yi maka daidai, kada ka ɓarnatar da kuɗinka. Farar shat mai guga, naktai marar hayaniya, baƙin takalmi sau-ciki da ya sha goga, doguwar baƙar safa wadda in ka zauna ba za a ga ƙwaurinka ba, shi ke nan ka shiga sahu.

In kuwa tuksidon kake so, to a yi ta yadda take. Ana gane ta da ƙyallin da ke kan kwalar kwat ɗin, da siririn layi mai sheƙi da ya bi gefen wandon har ƙasa. Ba a ɗaura mata bel. Igiyar kafaɗa ce ke riƙe wandon, ko ɗan maɗaurin da ke gefen ƙugu. Ka nemi mai maɗaurin nan, domin abincin jirgi ba ya yankewa, kuma wandon da ya yi maka daidai a dare na biyu zai iya matse ka a na shida. A wuya ana ɗaura ɗan baƙin naktai mai siffar malam-buɗe-littafi. Hannun shat ya leƙo kaɗan daga ƙarƙashin hannun kwat, kamar faɗin ɗan yatsa. Sai faffaɗar ɗamarar nan da ake rufe ƙugu da ita, wadda bakin ninkinta ke kallon sama. Asalinta daga Indiya ne, inda ake kiranta kamarband, hafsoshin Ingila suka aro ta saboda zafi ya hana su sa falmaran. Ita kanta kwat ɗin, a 1865 telolin Henry Poole na titin Savile Row a Landan suka ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, gajeriyar riga ta cin abincin dare a gida, don ya huta da doguwar kwat mai wutsiya. Sunan kuma daga Tuxedo Park ne, wata unguwar attajirai a jihar Niyok.

Akwai abin da ba za ka gani a takardar kowane kamfani ba, amma ni ya dame ni: siliki da zinare. Ƙyallin kwalar tuksido ta asali alharini ne, haka ma naktai da ɗamarar. Mun san an hana mu maza sa shi, in ban da abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba kamar yadda ya zo a hadisi. Na juya kwat ɗin na karanta ɗan ƙyallen da ke ciki kafin in biya, sai na tarar ƙyallin na roba ne, kamar yadda yake a yawancin waɗanda ba na tela na musamman ba. Naktai na sayi na auduga mai laushi, maɓallan hannu kuma na farin ƙarfe. Ba wanda ya gane bambanci, ni kuwa hankalina a kwance.

Haka na fita a daren kwalliya na farko, wanda takensa shi ne baƙi da fari. Gaskiya abin ya ƙayatar. Ka tsaya a saman matakalar Britannia ka hango maza ɗari-ɗari cikin baƙi da fari, mata cikin dogayen riguna, makaɗa suna ta aikinsu a hankali, ga ƙasan ƙafarka tana ɗan motsi tana tuna maka cewa babu tudu a kusa. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne wasu maza 'yan Sikotlan da suka shigo da kilt, wannan zanen ulun nasu mai ninki da ke tsayawa a gwiwa, da doguwar safa da 'yar jakar fata a gaba. Ga wani Ba'indiye da doguwar riga mai maɓalli har wuya. Ba wanda ya yi musu kallon baƙi. Sai ma matsa musu da ake yi su wuce.

Da muka koma ɗaki Hajiya ta buɗe akwatinta ta ciro babbar rigata. Ashe ta sako ta a ƙasan kayanta bayan na ce a bar ta saboda nauyi. Ta ce, "Alhaji, in Sarkin Kano ya gayyace ka cin abinci, da me za ka je?" Na ce da wannan. Ta ce, "To kyaftin ya fi Sarki ne?" Washegari na je teburin karɓar baƙi na tambaya, aka tabbatar mini cikakkiyar shigar gargajiya ta ƙasar mutum karɓaɓɓiya ce a daren kwalliya.

Kalmar da ya kamata a riƙe ita ce cikakkiya. A nawa ganin, kaftani da hula daidai suke da shigar daren yau da kullum, kuma na sa su har sau uku a jirgin. Amma daren da Bature ya fito da tuksido, abin da ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ita shi ne uku-uku: babbar riga, 'yar ciki da wando, duka yadi ɗaya, da hular da ta dace, da takalmi rufaffe. Kada ka zo da silifa komai tsadar fatarsu. Tawa shadda ce shuɗiya mai duhu daga Kantin Kwari, da aikin hannu aska takwas da zare mai launin yadin, ta sha bugu kafin ta bar Kano.

Sai dai kwanaki a ƙasan akwati sun karya mata ninki, kuma ba a yarda da dutsen guga a ɗakin kwana ba saboda tsoron gobara. Akwai ƙananan ɗakunan wanki a benaye daban-daban, da injin wanki da dutsen guga da teburinsa, kyauta. Ranar kwalliya kuwa layi ake yi, don haka da hantsi na tafi. Teburin gugar siriri ne, an yi shi don shat, ita kuwa riga in ka buɗe ta ta fi faɗin hannuwanka biyu a miƙe. Ina goge gefe ɗaya, ɗayan yana zubowa ƙasa. Wani tsoho mai farin gemu da ke jiran layi, da kilt ɗinsa rataye a hannu, ya ajiye nasa ya kama mini gefen rigar da hannu bibbiyu. Na juya ta baibai, na shimfiɗa farin hankici a kan aikin don kada zafi ya kwantar da zaren, na rage wutar, ina bi a hankali yana matso mini da yadin kaɗan-kaɗan. Ya sa babban yatsansa ya shafa askar da ke ƙirji, ya tambaye ni ko da hannu aka yi. Na ce masa da allura, kuma mai aikin ya fi wata a kanta. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini ninkin bayan kilt ɗinsa, ya ce shi ma ɗaya bayan ɗaya aka ɗinke su da hannu, kuma na mahaifinsa ne. Da na gama, ni ma na riƙe masa nasa.

Tafiya da babbar riga a cikin jirgi tana son lura. Ka naɗe hannuwan a kafaɗa tun daga ɗaki, domin lungunan ba su da faɗi kuma mariƙin ƙofa yana kama yadi. A matakala hannu ɗaya ya tattare gaban rigar, ɗayan ya riƙe ƙarfen gefe, don jirgi yana iya karkata ba sallama. A tebur kuma kofuna ne jere a gabanka, in ka miƙa hannu ba ka tattare ba, sai ka kwashe su. Turare ka shafa kaɗan, wurin a rufe yake kuma kujeru a matse suke. Turaren wuta kuwa ka bar shi gida, ba a yarda a kunna shi a jirgi. Ka sa 'yar rigar sanyi a ciki, arewacin Atilantika ba ya wasa ko da rani, kuma shadda ba ta tare iska. Inda ta fi tuksido nesa ba kusa ba shi ne wajen alwala. Magariba tana faɗowa daidai lokacin shirin cin abinci, ga shi ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a dare biyar cikin bakwai in ana tafiya yamma, don haka kullum sai ka sake lissafi. Da tuksido sai ka cire kwat, ka kwance maɓallan hannu, ka nannaɗe shat mai sitati. Da riga kuwa ɗage hannu kawai za ka yi.

Hula ce ta ba ni ciwo. Bayan na yi sallah na shirya, sai na ce bari in leƙa bene na bakwai, inda ake zagaya jirgin a ƙafa, in ga sauran jan rana a kan ruwa. Ina tura ƙofar, iska ta cika rigar kamar tanti, kafin in kai hannu ta ɗauke zannar da ke kaina. Ina kallo ta yi sama, ta juya sau biyu, ta sauka can a bayan jirgin cikin farin kumfa. Yayana ne ya kawo mini ita daga Maiduguri, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Na daɗe a tsaye a wurin ina masa addu'a. Duk wanda zai fita waje da hula a jirgin ruwa, ya cire ta ya riƙe a hannu tun kafin ya taɓa ƙofa.

Na koma ɗaki na ɗauko jar dara, ita kaɗai ta rage wadda za ta hau da shuɗin. Hajiya ta gyara mini zaman aikin a ƙirji, ta daidaita ninkin kafaɗa biyu, muka sauka. A bakin Britannia ma'aikacin da ke tarbar mutane ya ɗan rusuna ya raka mu har teburinmu. Wata mata 'yar Kanada da muke tebur ɗaya ta tambayi sunan rigar, ta sa na maimaita mata har sau uku tana rubutawa a bayan takardar jerin abinci. Can tsakiyar cin abinci na hango tsohon nan na ɗakin wanki a tebur na uku daga namu, cikin kilt ɗin mahaifinsa, ninkin nan a tsaye kamar an ja su da zare. Ya ɗaga mini kofinsa, na ɗaga masa nawa na lemo.