Wai a Jamus ana biyan mutum yana zaune?

Ƙanena ya kira ni daga Kano ran Juma'a. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, wai da gaske ne a Jamus ko mutum ba ya aiki gwamnati na ba shi albashi?" Tun da na zo Hambug ake jefo mini wannan tambaya, har na gaji da amsa ta a waya.

A watan Afrilun 2020, lokacin korona, kaya suka daina shigowa sito ɗin da nake aiki kusa da tashar jiragen ruwa. Har na fara sauraron takardar sallama. Sai manaja ya tara mu ya ce an sa mu cikin Kurzarbeit, wato aikin da aka rage wa lokaci. Kwana biyu muke zuwa a mako, kamfani ya biya mu na kwanakin nan, hukumar samar da aiki kuma ta cike mana kashi 60 cikin ɗari na abin da muka rasa, mai 'ya'ya kashi 67. Albarkacin yarana biyu na samu 67. A watan nan kaɗai ma'aikata kusan miliyan shida ne suka rayu a haka. Wani abokina da ke aikin otal a Amurka kuwa rana ɗaya aka sallame shi, a daidai lokacin da rashin aiki a can ya haura kashi 14.

Amma kuɗin nan ba sadaka ba ne, adashi ne. Duk wata ana zare kashi 1.3 daga albashina, kamfani ya zuba kwatankwacinsa. In aiki ya ƙare, mai shekaru irin nawa zai ɗauki kwasarsa ta shekara guda. Daga nan sai ya gangara zuwa tallafin gwamnati, inda labari ke sauyawa.

Tsofaffin abokan aikina har yau in aka ambaci Hartz IV, wato tsohon sunan wannan tallafin, sai fuskarsu ta canza. Gwamnatin Gerhard Schröder ce ta kawo shi a Janairun 2005, lokacin da marasa aiki suka kai miliyan biyar, kuma sunan Peter Hartz, wani babba a kamfanin Volkswagen, aka laƙaba masa. Kafin nan tallafin yana bin gwargwadon tsohon albashinka. Bayan nan, injiniya da lebura kuɗi ɗaya suke karɓa, sai an binciki ajiyarka, kuma in ka ƙi aikin da aka nuna maka a rage maka. Rashin aiki ya ragu, wannan ba gardama. Sai dai aikin ƙaramin albashi ya yi yawa, har a 2015 dole aka kafa mafi ƙarancin albashi, Yuro 8.50 a awa. A 2023 aka sauya wa Hartz IV suna zuwa Bürgergeld, a 2024 gwauro na karɓar Yuro 563 a wata, ban da kuɗin haya. A ji shi da Naira kamar dukiya. A shiga kanti a Hambug a gani.

Wani ɗan Kumasi da muka taɓa zama gida ɗaya ya koma Denmak, kullum muna musu. Can korar ma'aikaci ba wuya, amma in ka yi rajista da asusun marasa aiki kana zubi, ana iya ba ka har kashi 90 na albashinka, da iyakar da ba a wucewa. Da shekara huɗu ake biya, gyaran 2010 ya mai da shi biyu. Shi yana cewa su mutum suke karewa, mu kuma kujerarsa. Ni dai kujerar ce ta riƙe ni, don haka ban cika ba shi gaskiya ba.

Da na gama yi wa ƙanena wannan dogon bayani, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, Yuro 563 ɗin nan nawa ke nan a kuɗinmu?"