Abin da littattafan bashin 'yan kasuwar Kaduna suka nuna mini

Binciken digirina na biyu a kan bashin kaya ne, wato yadda 'yan sari ke bai wa masu ƙananan shaguna kaya su sayar sannan su kawo kuɗi. Na yi aikin ne a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada da kuma Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ni ɗalibin harkar kasuwanci ne, amma tambayar da nake bi ta sa dole na nemi abokan aiki biyu, wani mai karatun lissafi da wata lauya.

Samun littattafan shi ne ya fi cin lokaci. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo littafin bashinsa, domin asirin mutane ne a ciki. Sai da shugaban layi ya shige mini gaba. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya ce mini, "Ɗana, ka kwafi kuɗin da ranakun, amma sunan mutum ko ɗaya kada ya fita daga shagon nan." Na ce, "In sha Allahu, Baba," kuma da lambobi muka maye gurbin sunayen.

Abokina ya kawo dabarar da ake kira sarƙar Markov. Tun 1962 wasu masana, Cyert da Davidson da Thompson, suka yi amfani da ita a Amurka wajen kintata bashin da ba zai dawo ba. Ana kasa bashi aji-aji: na wata ɗaya, na wata biyu, na wata uku, wanda aka biya, da wanda ya nutse. Daga nan a lissafa yiwuwar tashinsa daga wannan aji zuwa wancan. Dabarar tana ɗauka cewa inda bashi yake yau shi kaɗai ke nuna inda zai faɗa gobe.

Kasuwarmu ba haka take tafiya ba. Mai shago yakan zo ya rage tsoho ya ɗauki sabo, shekara da shekaru asusunsa bai taɓa rufewa ba, har ka rasa gane wane bashi ne ya tsufa. Abin da ya fi raba mai biya da mai taurin bashi a littattafan da muka gani shi ne ko akwai wanda ya tsaya masa: ubangidan da ya yaye shi, ko wani babba a layi da ya ce "ba shi, ni na sani." Da muka ware waɗanda aka tsaya musu lamuni a aji na daban, sai lissafin ya fara kama da abin da 'yan sari ke faɗa da bakinsu.

A nan lauyarmu ta jawo hankalinmu ga abin da har yanzu yake damuna. Cinikin baka ciniki ne a idon doka, matsalarsa hujja ce kawai, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan kwamfuta da na waya, irin su saƙon WhatsApp da shaidar tura kuɗi. Amma alkawarin biya wa wani bashinsa, a tsarin da muka gada daga Ingila tun dokar 1677, sai an rubuta shi kafin kotu ta tilasta. Ke nan ginshiƙin da bashin kasuwa ya fi dogara a kansa shi ne mafi rauni idan magana ta kai babbar kotu. Shi ya sa rigingimu da yawa ke ƙarewa wurin sulhu gaban shugabannin kasuwa, ko a kotun shari'ar Musulunci inda shaidu ke iya tabbatar da lamuni.

Ga kuma tsadar rayuwa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan hali, naira 100,000 da ta shekara a hannun wani ba za ta saya maka fiye da kayan kusan naira 77,000 na bara ba. Ɗan sari ba zai ɗora ruwa ba, don haka yakan yanke farashin bashi daban tun ranar ciniki, ko ya gajarta wa'adi. Wasu sun daina bayarwa gaba ɗaya, kuma yaran da aka yaye kwanan nan su suka fi jin jiki, domin ba su da jarin da ya wuce amincin da ake yi musu.

Mun tsara wata 'yar takarda mai shafi ɗaya da Hausa: yawan kaya, farashi, ranar biya, sa hannun mai karɓa da na mai lamuni da shaidu biyu. Na tuna musu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, kuma babu wanda ya yi musu. Masu karɓar kaya sun sa hannu ba gardama. Inda muka tsaya cak shi ne wurin manya, domin a ce wa dattijo ya sa hannu a kan maganar da ya riga ya furta, shi a wurinsa kamar an ce ba a yarda da shi ba ne. Yanzu muna tattaunawa da shugabannin layi ko za a ajiye rajistar lamuni a ofishin ƙungiya, ta zama ƙa'ida a kan kowa, babba da yaro.