Yaron da ya hana ni barci a 2017

Jiya ƙanina ya tambaye ni dalilin da nake raba dare ina kallon ƙwallon Amurka, ta masu hular kwano. Sai na tuna Alvin Kamara a 2017, shekararsa ta farko a ƙungiyar New Orleans Saints. Sai a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa ma aka ɗauke shi. Amma yaron nan ya ruga da ƙwallo yadi 728, ya cafe jifa 81. In ya tsaya gefen mai jefa musu ƙwallo, Drew Brees, masu tsaron baya ba su san miƙa masa za a yi ko jefa masa ba, kafin su ankara ya wuce. Ƙungiyar da ta shekara uku tana cin wasa 7 kacal a kowace shekara, sai ga ta da 11. Shayina sau nawa yana hucewa a kofi ban kurɓa ba.